Mita Arba'in

Takarda ta ce mita arba'in na katako,
daga bakin gaɓa zuwa inda masunta ke ɗaure jirage,
kwana sittin, kafin hunturun Chiloé ya sako ruwa.
Ximena Barría ta manna ta a jikin rumfar aiki
da ƙusa huɗu. Ni na buga su.

Makon farko Don Eleuterio ya zo, hula a hannu:
"Tun da ga ku ga katako,
ɗan benci fa, inda tsoho zai zauna ya ɗinke koma?"
Herminia mai kifi ta ji, ta ce,
"Benci ba rufi? Ruwan garin nan ba ya sallama."
Sakataren gari ya ji rufi, ya tuno fitila,
fitila ta tuno waya,
waya ta tuno ɗakin sanyi,
ɗakin sanyi ya ce shi sai da hanyar mota.
Allura dai tana can tana tono garma.

Kowa da "ɗan" yake farawa.
Ban taɓa ganin wanda ya zo neman ƙato ba.

Ita ba ta cewa a'a, ba ta cewa to.
Littafi gare ta mai baƙin bango.
Ta rubuta buƙatarka, ta rubuta sunanka,
ta ja layi biyu a gefe: kuɗi nawa, kwana nawa,
sannan ta juyo maka shafin:
"A cikin arba'in ɗin, wanne za mu cire?"
Nan zance kan mutu.
Mutum ya sosa ƙeya, ya dubi teku
kamar teku ce ta aiko shi.

Aka ce marowaciya ce. Aka ce 'yar birni.
Wani ya daina amsa gaisuwarta.

Wata rana muna fakewa, shayi na huce mana a hannu,
na tambaye ta dalili.
Ta ce can arewa akwai wani gini nata.
Ɗakin shan magani aka nema, ɗaki biyu tak.
Ta ce to ga baranda, to ga bene,
to ga hasumiya mai agogo.
Kuɗi suka ƙare a daidai taga.
"Shekara tara ke nan. Tumaki ke kwana ciki.
Duk 'to' ɗin da na faɗa yana nan tsaye, ba rufi,
masu ciki kuma har yau jirgi suke hawa."

Rana ta talatin da ɗaya
jikan Herminia ya zame a kan jiƙaƙƙen katako.
Nolberto ya cafko wuyan rigarsa,
ƙafa ɗaya na lilo a kan ruwa.
Daren nan ta tara mu, har da sakatare.
"Madafa a gefe guda. Wannan ba na littafi ba ne.
Kwana biyar, katako ashirin."
Ta soke fenti.
Ta soke allon da za a jera sunayen manya.
Sakatare ya haɗiyi yawu, ya sa hannu.
Tsohuwar takarda ta sauko, sabuwa ta hau,
ƙusoshin nan huɗu dai, na miƙe su na mayar.

Ranar hamsin da tara muka tattara guduma.
Kwana uku bayan nan iska ta zo da fushinta,
ta kwana tana dukan gaɓa.
Da safe muka ƙirga: jirgi sha ɗaya, duk a ɗaure.

Littafin ta bar wa garin, shafi tara cike,
ta ce su zaɓa da kansu in baɗi ta zo da kuɗi.
Don Eleuterio na ɗinkin koma a kan kifaffen bokiti,
yana mita, amma a kan gada yake yi.

Ni ma ina ciki, shafi na uku, can ƙasa.
Na so in sassaƙa kan kifi a ginshiƙin ƙarshe,
ɗan ƙarami, kamar tafin hannu.
Ta rubuta: kwana biyu.
Na dubi teku.